Giram Biyu na Suna

Shekara arba'in ina gyaran keke a garin Boulder, ban taɓa ganin mai ƙin nauyi irin mutumin nan ba. Zai shiga tseren hawan dutse, ya rantse sai kekensa ya fi na kowa rashin nauyi. Ya canja ƙafafu, ya canja sirdi, har kusoshi bai bari ba. Kullum sai ya rataye keken a sikelina, ya ƙura wa lambar ido.

Ran Laraba da hantsi ya zo da reza, ya hau kankare fentin keken. Mu nan, ɗan tsere yakan rubuta sunansa a jikin kekensa.

Na ce, "Kankare abinka, amma ka bar sunan. Uwarka ce ta raɗa maka, ba kamfani ba."

Ya ce, "Sunan ma giram biyu ne, tsoho. Kai za ka tura ni kan dutsen?"

Ya kankare, sikeli ya sauka, ya yi dariya.

Ana cikin haka matarsa Lorraine ta biyo ta shagon. Ta wuce shi, ta shafa keken, ta dube ni ta kira sunana.

"Delbert, wannan na wa ne? Ya yi kyau."

"Lorraine, bar wasa mana," ya ce. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ya kamo hannuna. "Tsoho, gaya mata ko ni wane ne."

Shekara goma sha biyu na san shi. Na rarumo fenti da buroshi in mayar masa da sunan, sai na tsaya. Har yau harafin farko bai zo mini ba.