Farin Ƙyallen Kakan Teku

Ni ban so ɗana Khiem ya biyo ni ba. Amma jarka biyu na giyar inabi sun fi ƙarfin mutum ɗaya a kan babur, kuma mai gidan abincin da nake kai wa a Vinh Hy, can bakin teku, ya ce baƙi sun cika masa gida. Uwarsa ta ce, "Ɗan da za a yi wa aure bayan girbi kake tsoron ya ga ruwa? Ka zuba shi a kwalba mana ka toshe."

Mu asalinmu masunta ne. Tun da teku ya riƙe wana, bai maido ko hularsa ba, na kwashe iyalina na kafa rumfunan inabi a bayan garin Phan Rang, nesa da ruwa. Khiem a ƙarƙashin ganye ya tashi, ko iyo ban bari ya koya ba. Duk da haka, in iska ta juyo daga gabas, sai in gan shi tsaye da almakashi a hannu yana shaƙarta.

Muka wuce gonakin tafarnuwa da filayen gishiri, hanya ta hau duwatsu, teku ya buɗe a damanmu. Na ce ya dubi gabansa. Da rana ta take muka tsaya wajen wata mata mai toya wainar shinkafa da jatan lande a bakin wani ƙauyen masunta. Ta dubi yadda na zaunar da shi yana ba ruwa baya, ta yi dariya.

"Kawu, saurayi ne wannan ko ƙwai?"

Khiem ya ce zai zaga bayan duwatsu. Wainarsa ta huce bai dawo ba, na bi sawunsa.

Abin da na fara lura da shi, babu tsuntsu ko ɗaya. Igiyar ruwa tana zuwa tana komawa, amma kamar an toshe mini kunne. Sannan na ga abin da ya tsayar da shi. Ƙaton kifin nan ne mai fesa ruwa ta ka, wanda masunta ba sa kamawa, suna kiran shi Kaka domin shi ke tallafar jirgi in hadari ya taso. Yana kwance a yashi, ya mutu, idonsa ɗaya a buɗe. Khiem na durƙushe a gabansa, hannunsa a kan fatar.

Na san al'adar tun ina yaro. Wanda ya fara ganin gawar Kaka, shi ne babban ɗansa. Za a ɗaura masa farin ƙyalle, ya yi makoki har ranar da za a tono ƙasusuwan a kai ɗakin bauta, shekara uku, ba aure ba biki. Kuma masu jirage za su yi ta zuwa ƙofarsa, domin sun ce teku ba ya hana ɗan Kaka kifi.

Na kama kafaɗarsa. "Ni na fara gani. Ka ji ni? Kai daga baya ka zo."

"Baba, da ɗuminsa," ya ce, bai dube ni ba.

Ba mu kira kowa ba, amma sai ga mutanen ƙauyen suna gangarowa a jere. A gabansu wani tsoho ne siriri, mai kula da ɗakin bautar, suna kiran shi Baffa Tam. Ya kunna turaren tsinke ya soka a yashi.

"Wa Kaka ya zaɓa?"

"Ni ne, Baffa."

Ya dubi sawun da ke yashi. Nawa yana kan na Khiem, kowa na iya gani. Mai wainar ta buɗe baki, tsohon ya ɗaga mata hannu.

"Mai inabi ne kai, ko? Hannunka ya nuna. Amma tsayuwarka ta cikin jirgi ce." Ya yi ɗan murmushi. "To, ba a yi wa mutum gardama a gaban gawar ubansa. Sunkuyo."

Na sunkuya, ya ɗaura mini ƙyallen a goshi. Yana da sanyi da danshi. A raina na ce shekara uku ba komai ba ce, ni na riga na yi aurena, kuma babu mai jirgin da zai nemi mutum mai ciwon gwiwa.

Sai tsohon ya sake sa hannu a aljihu, ya fito da wani ƙyallen, ya fi nawa gajarta, an riga an yanka shi an naɗe.

"In kai ɗansa ne, wannan jikansa ne. Jika ma yana ɗaurawa."

"Baffa, shi ba ruwansa. Aure zai yi."

"Tun da safe matata ta ce me ya sa na yanka biyu. Na ce ban sani ba."

Na juya in hana Khiem, na tarar ya riga ya sunkuyar da kai.

Jarka ɗaya a nan muka bar ta, aka zuba wa Kaka a yashi. Ɗayar na kai Vinh Hy, ban tsaya jin surutun mai gidan abincin ba. A hanyar komawa Khiem ne ke tuƙi, ni ina baya. Da muka bar duwatsun, na hango koren rumfunan inabi, na miƙa hannu na kwance masa ƙyallen na cusa a aljihuna. Bai hana ni ba.

A inda ƙyallen ya zauna, wani farin layi na gishiri ya zagaye kansa. Na goge da babban yatsana, ya fita. Kafin mu kai mararrabar gida ya sake fitowa.

"Baba," ya ce cikin iska, "iyo yana da wuyar koyo?"

Na ƙara riƙe ƙugunsa da hannu biyu, na ce ya karya ya kama hanyar gida.