Gashin Mai Jego

Delu ta zaro mataji daga kan Asma'u, sai ga shi ya fito dam da gashi, dunƙule guda kamar ƙwan kaza.

Tun Asma'u tana firamare Delu ke mata kitso, ita ta yi mata na aure, kuma babu gidan da ba ta shiga a unguwar Kusfa. Ta san irin wannan zubar. Mace in ta haihu, jariri ya fara wayo, gashin da ya ƙi zuba lokacin ciki sai ya zube lokaci guda, daga baya ya sake tsirowa. To amma haihuwar fari ce, ga Asma'u da raki, gashin nan kuwa shi ne abin taƙamarta.

A al'ada, makitsiya takan tattara abin da ya zuba ta damƙa wa mai shi, ta je ta binne, don kada ya faɗa hannun mugu. Delu ta miƙa mata ɗan kaɗan, sauran ta soke a ƙugun zane da niyyar binnewa a hanya. Tausayi ne ya ja ta, ba komai ba.

Tana miƙewa zanen ya sassauta, dunƙulen ya faɗo gaban Hajiya Uwa, surukar Asma'u, wadda ke tankaɗe a tsakar gida.

"Delu, mene ne wannan?"

"Hajiya, gashin jego ne. Gudu na yi kada yarinyar ta tsorata."

"Gashin jego a ƙugunki? Gidan wane boka za ki kai shi?"

Asma'u ta fizgo madubi, ta ga goshinta ya ja baya, ta fashe da kuka. "Inna Delu, me na yi miki?"

Tambayar nan ta fi wa Delu zagi ciwo. Hajiya Uwa kuwa, da ta yi jego har sau tara, ta san zubar nan sarai, sai dai labarin sammu ya fi daɗin bayarwa. Kafin la'asar ya kai Ƙofar Doka. Washegari duk gidan da Delu ta yi sallama, sai a aiko mata cewa yau ba a shirya ba. Matan da ta yi wa kitson aure suka koma gyara ɗankwali idan sun hango ta.

Dole ta koma shiga bas zuwa Tudun Jukun, inda ba a san ta ba, tana yi wa 'yan makaranta kitso. Abu ɗaya take jira: gashin ya tsiro, gaskiyarta ta fito, ta koma unguwarta da mutuncinta.

Bayan Babbar Salla, wata safiya, Hajiya Uwa da Asma'u suka shigo bas ɗin da Delu ke ciki, za su kai jariri awo asibiti. Mayafin Asma'u ya zame, Delu ta ga sababbin gashi tsitsit a goshinta, baƙi wuluk. Zuciyarta ta yi sanyi, har ta buɗe baki za ta gaishe su.

Hajiya Uwa ta riga ta. Ta taɓo matar da ke gefenta, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Duba nan, baiwar Allah. Tun da muka kori matar can ya fara tsirowa. Wace shaida kuma ake nema?"

Matar ta juyo ta dubi Delu, ta ce, "Allah ya tsare mu."

Asma'u ta ja hular jaririnta ta rufe masa kai har kunnuwa.