Malamin Tari

"Sake!" in ji Mai Nasara.

Nomau ya ja numfashi, ya dafe ƙirji, ya yi tari. Akuyar da ke ɗaure a turke ta ɗago kai ta amsa masa.

"Ka ji ko? Ko akuya ba ta yarda ba, balle lokotoro." Mai Nasara ya dubi ɗan nasa daga sama har ƙasa cikin takaici. Yaro ɗan shekara tara, kumatu cike, wuya kamar na maraƙi, ko zazzaɓi bai taɓa kwantar da shi kwana biyu ba. A kowace shekara wannan abin godiya ne, amma ban da bana.

Bana ɗin nan, shekara biyar kafin a sami mulkin kai, saƙo ya iso Rijiyar Illa, wani ɗan ƙauye kusa da Dogo, cewa da kaka za a zo a ɗauki yaro guda a kai shi lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram. Mutanen garin kuwa sun yi imani cewa wanda ya shiga lakwal ya tafi ke nan. In ma ya dawo, da matsattsen wando zai dawo, yana gaida ubansa a tsaye. Ɓoye yara a rumbu ya daina aiki, don dogarai sun gane, rumbun suke fara leƙawa. Abin da ya rage shi ne ciwo. An ce likitan Faransawa, wanda ake kira lokotoro, tare da masu ɗaukar yake zuwa, kuma ba ya rubuta sunan marar lafiya. Saboda haka gari ya duƙufa wajen koya wa 'ya'yansa rashin lafiya.

"Tashi ka tafi gidan Kande," in ji Mai Nasara. "Ka zauna gaban Mutari, ka buɗe kunnenka. Sa'anka ne fa, amma dubi yadda yaro ya ƙware!"

* * *

Laifin Kande ɗaya ne, ta taɓa yin wayo. Shekarun baya da aka zo ɗaukar yara, ta ɗaura wa babban ɗanta Habu zane da kallabi, ta ba shi taɓarya, dogarai suka wuce suna yaba dakan 'yar budurwa. Tun daga ranar aka sallama mata. Don haka da ƙaramin ɗanta Mutari ya soma tari a farkon damina, a makon da saƙon lakwal ya iso, babu wanda ya tsorata. Sai dai aka ce, "Kai, Kande! Tun yanzu?"

Ta rantse, aka ce ai dole ta rantse. Ta yi kuka a bakin rijiya, mata suka bi ta da kallon sha'awa, wata ma ta tambaye ta ko albasa take shafawa. Mijinta Sallau yana sojan Faransi a wata ƙasar da ba ta iya faɗin sunanta, Habu ya tafi almajiranci gabas. Sai ta je ta durƙusa gaban Mai Nasara, ta roƙi aron jakinsa ta kai yaron asibiti a Damagaram.

Mai Nasara ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Haba Kande, ni ma sai an yi mini? Ai mu na gida ne. Ki kai shi bakin lakwal da ƙafarki? Koma gida, aiki ya yi kyau, kada ki ɓata shi da ƙari."

Haka Mutari ya zama malamin tari. Kullum da hantsi yara bakwai ko takwas za su cika rumfar Kande, shi yana kishingiɗe a tabarma, su suna kewaye da shi.

"Daga ciki ake jawo shi, Nomau, ba daga maƙogwaro ba," in ji Mutari. "Kai naka kamar an shaƙe zakara."

Sai a fashe da dariya, shi ma ya yi, dariyar ta juye ta zama tari mai tsawo, yaran su yi shiru suna ƙoƙarin haddace shi.

Gaskiya darasin ba ya daɗewa. Da manya sun ba da baya sai a haƙa gurbin dara a ƙasa kusa da tabarmar. Nomau ke kawo ɗanyar gyaɗa daga gonarsu, ya ɓare masa, ya ba shi labarin wanda jaki ya kayar da wanda ya sha kashi wajen kokawa. In Kande ta ɗauki tulu, sai ya karɓa ya ɗebo mata ruwan, don ya lura ba ta son nisa da rumfar. Iyaye sun turo 'ya'yansu don wata manufa, yaran kuwa suka yi abin da iyayen ya kamata su yi.

Wata rana bayan an watse, Nomau ya dawo ɗaukar hularsa, ya tarar da Mutari yana tura wani tsumma ƙarƙashin tabarma. Ya fizge. Tsumman ya yi ja.

"Mutari, wannan fa?"

Mutari ya kau da kai. "Da fari na yi ta faɗa, ba wanda ya ji. Da kuka fara zuwa sai na yi shiru. In an san da gaske ne, za a hana ku zuwa." Ya kama hannun Nomau, hannun nasa da zafi. "Gobe za ka zo?"

Nomau ya ce zai zo. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya kama shi, ya sheƙa gida a guje, ya faɗa wa iyayensa abin da ya gani.

Uwarsa Balki tana tankaɗe ta ce, "Ruwan yakuwa ne, ja. Ni ma na yi tunanin yi maka."

Mai Nasara kuwa tafa hannu ya yi. "Har da jini? Kande sai a bar ta! Kai kuma wata uku kana zuwa, ko atishawar kirki ba ka koyo ba."

* * *

Ranar da motar ta zo, an jera yara goma sha huɗu a gindin tsamiyar ƙofar mai gari. An shafe su da toka, an kwana biyu ana rage musu tuwo. Nomau, da aka fid da rai da tarinsa, an haɗa masa da ɗingishi, an naɗe masa ƙafa da tsumma har ta yi kauri biyu. A can ƙarshen layi Kande ta shimfiɗa Mutari. Ita kaɗai ce a garin ta yi ta ƙirga kwanaki tana fatan zuwan wannan mota.

Lokotoro ya sauko da jakarsa, malamin lakwal da dogari suna biye. Baƙar fata ne, mutumin Takieta, Hausa a bakinsa rangaɗaɗau. Ƙafarsa na taɓa ƙasa mai gari ya gyara murya, layi ya ɗauka gaba ɗaya. Tari ya tashi har tsuntsayen kan tsamiya suka watse.

Lokotoro ya tsaya ya saurara kamar mai jin kiɗa. "Mai gari, daga Hamdara nake. Can yara goma sha tara ne ke ɗingishi, dukansu ƙafar hagu. Ku kuma tari kuka zaɓa. Ni da kuke gani, daga cikin rumbu aka zaro ni da ƙafa aka kai ni lakwal. Babu irin wanda ban sani ba."

Kande ta zube gabansa. "Ranka ya daɗe, ɗana. Wata huɗu ke nan. Don Allah ka duba shi."

"Ka ga gwaninta," Mai Nasara ya raɗa wa na kusa da shi.

"Tashi, uwa, kin yi ƙoƙari," in ji lokotoro, ko kallon tabarmar bai yi ba. "Ba zan buɗe jakata don wasan yara ba. Mai gari, ka zaɓi yaro ka aiko mana kafin Juma'a. Akwai garuruwa uku a gabana."

Ya koma mota. Direba ya tayar. Kande tana durƙushe inda ya bar ta, wannan karon ko hawaye babu.

Nomau ya san in motar nan ta wuce, sai baɗi. Ya san kuma abin da zai same shi in ya motsa. Ya dubi ubansa, ya dubi ƙarshen layi, sai kawai ya ji ƙafafunsa sun tashi. Ya je ya sunkuya ya goya Mutari. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne rashin nauyinsa. Ya zura a guje ya bi motar, tsumman ƙafarsa na warwarewa a baya.

"Nomau!" Mai Nasara ya ƙwala ihu. "Ɗingishi! Kai, ɗingishi!"

Nomau ya yanke ta bayan masallaci ya sha gaban motar. Direba ya taka birki.

"Lafiyata ƙalau!" ya faɗa yana haki. "Ko zazzaɓi ba na yi. Dukanmu ƙarya muke yi, toka ce. Ni ku tafi da ni. Amma wannan nasa na gaske ne, wajensa muka koya."

Lokotoro ya dubi yaron da ke tsaye, ya dubi wanda ke goye. Ya sauko. Ya buɗe jakar, ya ɗauko abin sauraren ƙirji, ya durƙusa a ƙasa da fararen kayansa. Ya saurara ta gaba, ya saurara ta baya, ya daɗe. Dandali ya yi tsit, masu tari duk sun manta.

"Wata nawa kika ce?"

"Huɗu," in ji Kande.

"Wata huɗu, Damagaram tana nan tafiyar yini a jaki. Babu mai jaki a garin nan?"

Mai Nasara ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da bai kwance ba.

"Zan yi iya ƙoƙarina," in ji lokotoro a hankali, "amma da an kawo shi tun ana noman fari, da magana ta fi haka daɗi. Sauran yaran da suka zauna da shi, duk a kawo su in duba." Ya juya ga malamin lakwal. "Rubuta wannan mai gudun."

* * *

Aka shimfiɗa wa Mutari buhuna a bayan mota, Kande ta hau da ɗan ƙunshinta, Nomau ya zauna kusa da kansa. Balki tana kuka na gaske, ita ma ba ta saba ba. Mai Nasara ya ɓace, aka ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi ya dawo da bargonsa na aure, wanda ko ɗansa bai taɓa bari ya taɓa ba. Bai dubi Nomau ba, bai iya duban Kande ba. Ya lulluɓa wa Mutari, ya tura gefen a ƙarƙashin ƙafafunsa.

Mata suka yanyame motar, kowace na cewa ita dama tun farko jikinta ya ba ta. "Sannu, Mutari. Sannu ka ji. Allah ya ba ka lafiya." Wata huɗu yana kwance a tsakiyarsu, sai yau aka fara ce masa sannu.

Mota ta hau hanya. Mutari ya buɗe ido da ƙyar.

"Nomau, sun yarda?"

"Sun yarda."

"Har babanka?"

"Har shi."

Mutari ya yi ɗan murmushi, ya jawo bargon zuwa haɓarsa. "To, madalla," ya ce. "Na gaji ƙwarai."

Nomau ya ɗora kan abokinsa a cinyarsa don kada gargada ta buga shi, ya riƙe da hannu biyu har Damagaram.