Taken Sammani

"Kada ka dubi ruwan. Ni za ka duba!"

Iliyasu ya ɗago kai. Yana kan bututun ƙarfen da ya ƙetare kanal, hanyar ruwan noman rani, kalangu a hammata, yana tafiya da baya yana kiɗa. Ranar an saki ruwa saboda masu tumatir, kanal ɗin ya cika har baki, yana gudu shiru kamar mai zuwa kai gulma. A gaɓa Sammani na tsaye, ya karkata kai don ya gan shi da idonsa mai gani.

"Sassauta gwiwar. Kafaɗar nan ta wa kake ajiye wa? Sake ta. Yauwa. Ka ji yadda muryar ta buɗe?"

Ya ji kuwa. Da ya saki kafaɗa, sai tsarkiyar kalangun ta riƙa bin numfashinsa, in ya matse ta yi sama, in ya saki ta sauko, kamar mutum yana magana.

Shi Iliyasun nan ɗan marigayi Ibrahimu Mai Kalangu ne, wanda ya yi wa 'yan damben Kura da Bunkure kiɗa tun kafin a haƙa wasu kanal ɗin. Da uban ya rasu, ɗan ya gaji kalangu, ya gaji hannu, amma ran da ya fara shiga fage sai ya ƙame wuri ɗaya, kai a sunkuye, yana kiɗa wa yatsun ƙafarsa. Kiɗan babu kuskure, amma ko akuya ba zai tayar ba. Tun ranar aka sa masa suna Turke.

Sammani ne ya ɗauke shi. Tsohon ɗan dambe ne, abokin babansa, yanzu yana noman albasa. Cewa ya yi, "Hannunka na Ibrahimu ne, ƙafarka ce ta aro." Daga nan kullum da safe sai ya kora shi kan kunyoyin fangali, siraran nan da ke tsakanin shuka, ya ce ya yi tafiya yana kiɗa. Gaba, gefe, baya. Ya tsuguna, ya miƙe, ya juya. Ya faɗa cikin taɓo ba adadi, mata masu tsinkar tumatir suna dariya har da riƙe ciki. Sai da rani ya yi nisa aka kai ga bututu.

"Ka riƙe wannan," Sammani yakan ce. "Ɗan dambe in ya tsumu ba ya ganin jama'a, ba ya jin magana. Ƙafar makaɗi yake bi. In ka tsaya, ka bar shi shi kaɗai."

Iliyasu ya sauka a ɗaya gaɓar, ya dawo ta kan bututun. Sammani ya dafa shi.

"Yau da la'asar za su ga ɗan Ibrahimu. Wanda ya ce Turke, ka taka masa ƙafa."

Ya yi dariya, ya saɓa fartanyarsa ya nufi gona. Hannunsa na dama yana ɗan karkarwa a kan ƙotar, kamar kullum.

Iliyasu na cikin goge kalangu sai ga Tambaya, matar Sammani, da tulu a ka. Ba hanyarta ba ce. Ta tsaya har mijin ya ɓace a bayan masara.

"Iliya."

"Na'am, Iya. Ina kwana?"

"Lafiya ba lau ba. Ka ji waɗanda Badamasi mai shirya wasa ya gayyato damben yau?"

"An ce wani Guduma, daga arewa."

"Ka san ɗan wa ye?" Ta sauke tulun. "Ubansa ne Babanka Sammani ya kayar a Garun Malam, gaban iyalinsa, bai sake ɗaura zare ba har ya mutu. Jiya yaron nan ya zo kasuwa yana tambayar gidanmu. Ya ce gaisuwa ya kawo." Ta rage murya. "Daren jiya na ga tsohon nan nawa ya ciro zarensa na dambe daga ƙasan adaka yana shafawa."

 Kowa a garin ya san maganar likitan birni a kan Sammani: ido ɗaya ya tafi, akwai tsohon rauni a cikin kai, in aka ƙara dukan wurin, sai dai wani ba shi ba.

"Iya, ni ai ban taɓa kaɗa takensa ba. Na yi miki alkawari."

"Na sani. Ina tuna maka ne. Mutumin nan yana salla, yana azumi, yana jin maganata. Amma in ya ji taken nan, ba mijina ba ne." Ta ɗauki tulun. "Ka dube ni, Iliya. Ba ni da wani."

La'asar na yi, fili ya cika. Masussukar shinkafa ce a bayan gari, ba nisa da kanal. Direbobin manyan motocin da suka gama lodin kwandunan tumatir sun hau saman kaya suna kallo. Masu rake, masu ƙosai, wani da rikoda a kafaɗa yana ɗaukar kaset. Badamasi, mai shirya wasan, yana yawo da lasifika da sabuwar waya a rataye a wuya.

"Turke ya iso!" wani ya yi ihu. "A kawo akuya a ɗaure!"

Aka fashe da dariya.  Iliyasu ya nemi Sammani da ido, ya same shi zaune kan turmi a layin dattawa. Tsohon ya ɗaga kafaɗa ɗaya, ya sake ta.

Iliyasu ya saki tasa. Ya taka.

Yaran gida aka fara da su. Ya bi wani ɗan mahauta yana kaɗa masa, ya tsuguna a gabansa, ya zame gefe, ya kewaye shi, kalangun na kiran sunan kakansa. Yaron ya fara rawar jiki, ya yi kururuwa, ya shiga ya kayar da abokin karonsa. Masu cewa Turke suka yi tsit. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Ibrahimu bai mutu ba!" Iliyasu ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, har ya manta da maganar safe.

Sai Guduma ya tashi.

Ba shi da tsawo sosai, amma wuyansa da kansa kauri ɗaya. Bai yi kirari ba. Ya kewaya fili a hankali, hannun da aka naɗe da zare yana lilo, ya wuce samari duka kamar bai gan su ba. A gaban dattawa ya tsaya. Ya durƙusa, kamar mai gaisuwa, ya ajiye dunƙulen hannunsa a ƙasa, daidai ƙafar Sammani.

"Baba, na kawo saƙon mahaifina."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Sammani. "Namiji ne."

"To ka tashi ka karɓa."

"Kai yaro, ka ji kunya mana!" wani dattijo ya ce. "Sa'an ubanka ne."

Badamasi ya matso yana murmushi, yana cewa a yi haƙuri, wasa ne, amma bai janye Guduma ba. Idonsa na kan jama'a, yana ganin yadda ake turereniya.

Sammani bai motsa ba. Iliyasu ya fara sakin ajiyar zuciya ke nan, sai ya ji kiɗa daga ɗaya gefen.

Makaɗin Guduma ne, wani tsoho mai jan rawani, wanda ya yi zamani da Ibrahimu. Yana zaune, yana kaɗawa a hankali, yana murmushi. Iliyasu ya san kiɗan tun yana goye. Taken Sammani ne.

Ƙafar Sammani ce ta fara. Diddige ya riƙa bugun ƙasa. Sai gwiwa, sai kafaɗu. Karkarwar hannun nan ta kullum ta tsaya cak. Ya sa hannu a aljihu ya ciro zare, ya miƙe tsaye, ya fara naɗawa da kansa. Dattawa biyu suka riƙe shi, ya watsar da su kamar ƙaiƙayi. Fili ya ɗauki ihu.

Iliyasu ya hango Tambaya a bayan masu ƙosai. Ba ta kuka. Shi take kallo.

Ya dubi rana. Ta yi ja, ta sauka kan bishiyoyin darbejiya. In aka kira magariba an tashi wasa, haka al'adar take, ko sarki ne a fage. Amma kafin nan akwai lokacin da ya isa a kashe mutum.

Ya je ya roƙi mai jan rawani? Dariya zai yi. Ya riƙe Sammani? Waɗanda suka fi shi ƙarfi sun kasa.  Ya ji kansa yana sunkuyawa, yana neman yatsun ƙafarsa.

Sai ya ga ƙafar Sammani. Tana takawa, tana laluben inda za ta bi, domin mai kiɗan nata yana zaune.

Iliyasu ya ce a ransa, Iya, ki yafe mini. Ya matse kalangu, ya faɗa tsakiyar fili, ya ɗauki taken.

Ba irin na mai jan rawani ba. Irin na Ibrahimu, da ɗan salon nan a ƙarshe da babu wanda ya iya sai gidansu. Ya kaɗa shi da dukkan jikinsa, ya tsuguna har ƙasa a gaban tsohon, ya taso da shi. Kiɗan baƙon ya nutse a ciki kamar tsakuwa a kanal. Sammani ya juyo. Idonsa mai gani ya yi ja, bai san wanda ke gabansa ba, amma ya san kiɗan.

Iliyasu ya ja da baya. Sammani ya biyo.

Suka kewaya fili, jama'a na ihu, an ɗauka zagayen da ake yi ne kafin karo. Guduma ya gyara tsayuwa a tsakiya yana jira. Suka sake kewayawa. A karo na gaba, da suka zo inda masu rake suka bar 'yar hanya, Iliyasu ya karkata, ya shige ta da baya, bai sassauta hannu ba.

"Ina za shi?"

"Turke! Dawo da shi!"

"Ku tare su!" Badamasi ya faɗa a lasifika.

Amma wa zai tare ɗan damben da ya tsumu, da zare a hannu? Mutane suka riƙa darewa. Iliyasu ya hau kunyar fangali, bai waiwaya ba, ƙafarsa ta san wurin. Albasa a dama, albasa a hagu. Ɓawon rake ya same shi a kunne. Wani abu mai nauyi ya bugi kafaɗarsa. Sammani na biye, yana huci, ragowar zaren na jan ƙasa a bayansa. Sau ɗaya kiɗan mai jan rawani ya taso da ƙarfi daga fili, tsohon ya tsaya, ya fara juya kai. Iliyasu ya matso har numfashinsu ya haɗu, ya durƙusa, ya kira shi da kalangu, ya kira shi, har ƙafar ta sake tasowa.

Diddigensa ya taɓa ƙarfe. Bututu ne. Ya hau, yana ja da baya, ruwan na gudu baƙi a ƙarƙashinsa. Sai a nan tsoro ya kama shi sosai: mai ido ɗaya, a kan wannan? Ya tsaya a tsakiya, yana taka rawa a wuri ɗaya, yana rage kiɗan kaɗan-kaɗan, yadda ake sauke tukunya daga wuta. Sammani ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙarfen. Ya tsaya a haka.

Daga masallacin bakin kasuwa aka kira salla.

Iliyasu ya bar kiɗan ya mutu. Can baya ana jin hayaniyar watsewa, da ihun masu cewa Sammani ya gudu, da muryar Badamasi yana sanar da cewa baƙi suna nan har kasuwa mai zuwa.

Sammani ya sauke ƙafarsa. Ya dubi ruwa, ya dubi gonaki, ya dubi hannunsa. Karkarwar ta dawo.

"Me suke cewa?"

Iliyasu ya sauko daga bututun.

"Na ji ai. Kunnena lafiya lau." Ya zauna a gaɓa, kamar wanda aka zare wa laka. "Ban taɓa ba fage baya ba, Iliya. Ko ubanka bai isa ya yi mini haka ba."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ni na koya maka."

"Kai ne."

 Sauro ya fara tashi daga shinkafa. Can nesa, a kan kunya, Tambaya na tahowa da sauri, tana riƙe da bakin zane.

Sammani ya fara warware zaren, a hankali, yana naɗe shi a yatsu. Iliyasu na kallo, yana jira ya ga an jefa shi a ruwa.

"Ƙafarka ta hagu tana ja in za ka juya," tsohon ya ce, bai ɗago ba. "Gobe da safe ka zo."

Ya gama naɗewa tsaf, ya busa ƙurar da ke jiki, ya mayar da shi aljihu kafin matarsa ta iso.