Gonar Aro a Cikin Waya

Dallatu ya rubuta gonar Halimatu Sadiya da sunansa.

Ni ne Hashimu, mai unguwar Gawo, arewa da Ɗambatta. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da unguwar nan. Babu iyakar gona a cikinta da ban san wanda ya dasa gambarta ba.

Bana wata ƙungiya ta zo da tsarin raba takin zamani. Sai an yi wa gona rajista a manhajarsu, an buga kati da sunan mai ita, sannan a ba da taki. Suka ba ni waya. Malamin gona, Tajuddeen, ya zauna a zaurena ya nuna mini yadda aikin ke tafiya. Shi zai zagaya gona da wayarsa, ya sa suna. Daga hannunsa aikin ya faɗo wayata. In gaskiya ne in danna kore, in ƙarya ne in danna ja. Daga wurina ya wuce wurin wata ma'aikaciya a ofishinsu na Ɗambatta, daga can sai Kano, inda ake buga kati. Bokona bai wuce aji uku ba, amma ina karanta suna, kuma na san kore da ja.

Gona arba'in da ɗaya na danna wa kore. Ta arba'in da biyu ita ce ta bakin marke, ga sunan Dallatu a kanta.

Gonar Sama'ilu ce, mijin Halimatu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ya ba Dallatu aronta a gabana. Kowace kaka Dallatu yakan kai damin gero ɗaya gidan, don kowa ya san gonar tana da mai ita. Sama'ilu ya rasu bara. Damin bai je ba.

Ban danna ja ba. Uban Dallatu da ubana tare aka yi musu kaciya, ban ga dalilin da zan kai sunan ɗansa gaban baƙi a ce maƙaryaci ne ba. A wurinmu in aka kawo wa babba magana ya yi shiru, ya kau da kai, ya ba da amsa ke nan. Mai maganar ya koma ya gyara da kansa, babu wanda ya ji kunya. Na sa wayar a aljihu. Ranar Juma'a Dallatu ya gaishe ni a bakin masallaci, na amsa a taƙaice, ban tambayi iyalinsa ba. Na tabbata ya gane.

Ranar Litinin da hantsi Halimatu ta zo. Ta durƙusa a bakin zaure, ta gaishe ni, ba ta jira na gama amsawa ba.

"Baba mai unguwa, matar Dallatu ta faɗa a gidan suna wai katin gonar bakin marke na nan tafe da sunan mijinta. Ta ce kai ka amince."

"Ban amince ba."

"To wa ya amince? Kai ne shaidar aron nan. Malam mijina ya tafi, in kai ma ka juya, wa ya rage mini?"

Na ciro waya na duba. Aikin ba ya ciki.

A ranar na hau bas zuwa Ɗambatta. Ma'aikaciyar sunanta Aina'u, ba ta wuce sa'ar jikata ba. Ta ba ni kujera, ta buɗe kwamfuta, ta juyo mini da ita.

"Baba, ga shi nan. Aikin ya zauna a wurinka kwana uku ba ka taɓa shi ba. In ya kai haka manhaja takan ɗauka ba ka nan, sai ta tsallake ka ta kawo mini."

"Ina nan. Ƙi na yi."

"A ina ka ƙi?"

"Na yi shiru."

Ta rufe baki da mayafi. Na jira ta gama dariyarta.

"Ke da ya zo miki, kin taɓa taka gonar?"

"A'a, Baba. Zanenta na gani."

"Kika danna kore."

"Ban ga ja a kansa ba."

Na ce ta dawo mini da shi. Ta kira Kano, aka ce ba a buga katin ba tukuna, ta janyo shi. Wayata ta yi ƙara a aljihu. Kafin in tashi ta ce akwai abu biyu da ya kamata in sani. In na danna ja, aikin zai koma wurin Tajuddeen, shi kuma ba zai iya cire suna ba sai mai sunan ya dangwala yatsa ya yarda. Na biyu, gonakin unguwa tare suke tafiya. Muddin ɗaya ba ta kammala ba, takin arba'in da biyun ba zai fito ba.

A gabanta na danna ja.

Tajuddeen ya je wurin Dallatu, Dallatu ya ɓoye hannunsa a cikin riga. Aikin ya dawo wayata da sunan nan dai. Na danna ja. Ya koma, ya dawo. Na danna ja. Ban sake barin sa ya kwana ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari. Unguwannin da ke kewaye da mu suka karɓi takinsu, muna ganin buhuna a kan babura suna wucewa ta burtali. Geronmu ya fara yin rawaya. Gonata biyu na cikin waɗanda ke jira.

Wata Laraba bayan la'asar mutane suka cika mini zaure. Zaharaddini, wanda ya fi kowa yawan gonaki a unguwar, shi ya jawo su. Tajuddeen na tsaye a bakin ƙofa da jakarsa. Dallatu ya zauna a kan tabarma ta gaba, ya miƙe ƙafa.

Zaharaddini ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo gaisuwa. Mun ji yatsanka ya ƙage, wuri ɗaya kawai yake iya dannawa."

Aka yi dariya. Ban yi ba.

"Yatsan da ya ƙage yana cikin rigar Dallatu," na ce. "Ku roƙe shi ya fito da shi, gobe taki ya zo."

Dallatu ya janye ƙafarsa. "Shekara goma sha ɗaya, Baba. Da na karɓi gonar nan ƙasa ce fara, ko ciyawa da ƙyar take fitowa. Jakina biyu suka mutu da jigilar taki daga bola. Ni na raya ta. Yanzu a ce suna na wani?"

"Ka ci amfaninta sau goma sha ɗaya. Wa ya hana ka na goma sha biyu? Ka noma, ka kai dami, a sa sunan Halimatu."

"Mace mai zama a ɗaki, me za ta yi da kati?"

"Abin da kake so ka yi da shi."

Tajuddeen ya matso, ya rage murya.

"Baba, katin nan fa ba takardar mallaka ba ce. Na taki ne kawai. Ka danna kore aiki ya wuce, baɗi in an sake buɗe rajista mu gyara. Ni ma a ofis an dame ni, kullum sunana ne a kan aikin da ya maƙale."

"Shekarata saba'in da huɗu," na ce masa. "In na mutu kafin baɗi, aka tsaya gaban alƙali, Dallatu na riƙe da kati mai hotonsa da zanen gona da amincewar mai unguwa, Halimatu me za ta riƙe?"

Tajuddeen ya koma bakin ƙofa da jakarsa.

Zaharaddini ya ce, "Gida arba'in za su rasa abinci saboda gona ɗaya? To a kira Halimatun mana. Wataƙila ita ta fi ka sauƙin kai."

Aka aika. Halimatu ta zo ta tsaya daga waje, jikin katanga. Zaharaddini ya ɗaga murya ya ce Dallatu zai riƙa kai mata dami biyar duk kaka, ta dai bari a wuce wurin.

Ta ce, "Alhaji, bara dami ɗaya ma bai kawo ba, alhali gonar na da sunan Malam. Ni dai magana tana hannun Baba."

Wayar ta yi ƙara a aljihuna. Kowa ya ji. Tajuddeen ne ya sake turo aikin yana tsaye a gabana. Na ciro ta, ga gonar bakin marke, ga sunan Dallatu.

Zaharaddini ya ce, "Ko ka danna kore, ko ka ajiye aikin kwana uku kamar farko, ya wuce da kansa. Babu wanda zai ce kai ne. In ba haka ba gobe mu tafi wurin dagaci, a karɓe wayar a ba wani."

Na danna ja, na juya fuskar wayar suka gani.

"Ku tafi wurin dagacin. Muddin wayar tana hannuna ba zan ajiye aikin ba, kuma ba zan danna kore ba."