Molon Fasiriman Ranar Kasuwa

A Segu babu wanda bai san sautin molon Fasiriman Kuyate ba, kuma babu mai son jin sa. Tun bayan rasuwarsa, gidan rediyon gwamnati ba ya sa kiɗansa sai in wani babban mutum ya rasu. Da an ji bugun farko, sai a kashe rediyo a nemi takalmin zuwa gaisuwa.

Wannan abu ya daɗe yana damun 'yarsa Nantene. Ita ta san mahaifinta mutum ne mai raha, rabin rayuwarsa a gidajen biki ya yi ta. Da ta tsinci tsofaffin faifan kiɗansa na biki a akwatinsa, sai ta kai aka juya mata su a kaset. Ta kasa su a bakin kasuwa, amma mata na ganin hoton tsohon sai su ja baya.

"Nantene, mutuwa za ki sayar mana?"

Sai ta je gidan rediyo ta biya kuɗin talla. Mai gabatar da shirin safe, Ngolo Jara, ya juya kaset ɗin a hannunsa yana murmushi.

"Ƙanwata, ki bar mini. Tallar zamani ba a fara ta da surutu. Kiɗa zan saki tukuna ya kama kunne, sannan in yi magana."

"Yaya Ngolo, ai Baba duk kiɗansa da bugu iri ɗaya yake buɗewa."

"To, shi ne daɗin!"

Ranar Litinin, kasuwa ta cika, Ngolo ya saki kiɗan ba tare da ya ce uffan ba. Nantene na tsaye wajen kayanta ta ga mai kifi ta kife kwandonta. Mai shayi ya kashe rediyonsa yana salati. Kafin Ngolo ya buɗe baki ya ce talla ce, babu rediyo ɗaya da ke kunne a kasuwar.

"Wa ya rasu?"

"Wa kuwa, in ba Baba Zan ba? Tun damina yake kwance."

Jama'a suka nufi gidan Zan Tarawore, dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwar masunta. Nantene ta bi su da gudu tana cewa talla ce, amma muryarta ba ta wuce mayafinta ba. A ranta ta ce shi ke nan, daga yau ko kyauta ba mai karɓar kaset ɗin nan.

Suka tarar da Baba Zan zaune a tabarma, ya sa kwanon wake a gaba yana ci. Matan da suka shigo da kuka suka yi cirko-cirko.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"Kai, Baba," in ji wata, a hankali.

"Ni? To wa ya kashe ni ban sani ba?"

Nantene ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta faɗa masa yadda aka yi. Da ya ji sunan Jara sai ya tuntsire da dariya har ya ƙware. Tsakanin Jara da Tarawore akwai wasa tun na kakanni, kome ɗaya ya yi wa ɗaya ba a fushi, sai dai a rama.

"Ku ɗora ni a amalanke. Yau bawana zai gane kurensa."

Haka aka tura shi har gidan rediyo, jama'a na biye. Ngolo na ganinsa ya dafe kai.

"Tsoho maci wake, ashe lahira ma korar ka suka yi?"

"Matsa can, ɗan bawan gidanmu. Ba ni abin maganar."

Aka aika kasuwa a ce kowa ya kunna rediyo. Baba Zan ya gyara murya ya sanar da cewa yana nan da ransa, kuma duk wanda ya yi masa kuka ya biyo shi bashin goro. Sannan ya ce a sa kiɗan da ya kashe shi, ya ji shi har ƙarshe.

Bugun farko ya wuce. Sai molon ya juya, ya ɗauki wani taki mai sauri, mata na guɗa daga cikin faifan. Tsohon ya karkata kunne.

"Kai! Wannan ai shi Fasiriman ya kaɗa ranar da aka kawo mini amaryata Sitan. Ashe shekara da shekaru kashe rediyo muke yi tun bai fara magana ba!"

Ya miƙe da sandarsa ya taka sau biyu, Ngolo na riƙe da shi yana cewa kada ya mutu musu da gaske a kan aiki.

Da Nantene ta koma kasuwa, mai kifin nan na jiran ta wajen kayanta.

"Bikin ƙanwata sati mai zuwa. Ba ni ɗaya. Amma ki nuna mini yadda zan wuce farkon nan."

"A'a, Inna," in ji Nantene, tana dariya a bayan mayafi. "Ki bar molon ya gaisa tukuna."