Keken da Na Zaɓa wa Surukina

Ranar Alhamis hedimasta ya kira ni ofis, bai ko ce in zauna ba. Ya ce ya gaji da ganina ina shigowa makaranta bayan yara sun yi nisa da darasin farko, kuma daga Litinin in na sake latti sau ɗaya, akwai mai jiran kujerata. Ban yi musu ba, don gaskiyarsa ce. Ina zaune a Kwanyawa, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Rogo, kuma tun da tsadar mai ta sa na sayar da babur ɗina, sai dai in tsaya bakin hanya ina jiran mai tausayi.

Dama sati uku ke nan ina zarya shagon Sulle, mai sayar da keke mai caji a gefen kasuwar Rogo, har ya fara yi min kallon ɗan leƙe. Iri biyu yake da su. Akwai ƙanana jajaye guda huɗu, sai baƙi ƙwaya ɗaya tak mai babban batir. Duka na hau na gwada. Unguwarmu ba wuta, saboda haka dole in yi caji a Rogo da rana, in koma gida da yamma, in dawo da safe a kan wannan cajin. Baƙin zai iya. Jan kuwa zai kai ni gida lafiya, ya mace min da safe a tsakiyar yashi, kuma wanda ya taɓa tuƙa mataccen keken caji a yashi ya san nauyinsa kamar jaki ya ƙi tafiya.

Ranar Asabar na zo da shirina, kuɗina a aljihu. Tun daga nesa na hango wata farar hula da na sani a ƙofar shagon. Malam Ilu ne, mahaifin matata Bahijja, ya ɗora hannu a kan sirdin baƙin keken yana latsawa. Gefe kuma wani Bafulatani mai sayar da shanu, Bappa, ya jingina da sandarsa yana jira. Shi ma baƙin yake kallo, amma ba ya shiga cinikin da wani ya riga shi.

Na so in zame ta bayan masu gyaɗa, Sulle mai bakin tsiya ya ƙwala min kira. Na cire takalmi na durƙusa, na gaida Malam Ilu ido a ƙasa. Ya tambayi gida, ya tambayi makaranta, na ce lafiya lau. To me zan ce? Shekara shida da aurena ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, balle in buɗe baki in ce abin da ya ɗora wa hannu ni nake so.

Ya juyo ya ce, "Yauwa Malam Ƙasimu, Allah ne ya kawo ka. Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba. Tsakanin baƙin nan da ja, wanne ya fi?"

Na san gonarsa ba ta da nisa da gidansa, kuma ban da masallaci da kasuwa ba inda yake zuwa. Na ce a raina jan ma ya ishe shi har ya yi yawa, ni kuwa aikina ne a kan baƙin. Sulle ya zuba min ido, don ya san sau nawa na hau baƙin ina yaba shi.

Na ce, "Baba, jan ya fi. Ba shi da nauyi, kuma baƙin nan batirinsa girma ne kawai."

Wallahi har yau in na tuna ina jin kunyar kaina. Malam Ilu ya sake tambayata ko na tabbata, ko jan yana tafiya mai nisa ba ya gajiya. Na ce ƙwarai kuwa. Sulle ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi ta ƙasan ido, ya mayar da bakinsa ya rufe. Aka yi ciniki, Sulle ya ce ya sallama, suka tafa, Malam Ilu ya biya. Ni dai addu'a nake ya hau abinsa ya tafi kafin Bappa ya motsa, in yi wuf in ce na riga shi tun sati uku da suka wuce.

Bai hau ba. Ya turo jan keken har gabana, ya kama hannuna ya ɗora a kan sitiyarin. Ya ce Bahijja ta gaya wa mahaifiyarta halin da nake ciki a wurin aiki, shi ya sa ya sayar da ɗan marakinsa. Ya ce da niyyar baƙin ya zo, don ya ga ya fi tsada, amma tun da mai hawa ya zaɓa da bakinsa, shi ke nan.

Mutanen wurin suka hau sa masa albarka. Na sake durƙusawa ina godiya. Kyautar suruki ba a mayar da ita, ba a canza ta, kuma in na ce baƙin nake so, na gaya wa duk kasuwar Rogo cewa na dubi surukina na yi masa ƙarya. Ina nan durƙushe na ji Bappa yana tambayar Sulle ko an gama da baƙin, Sulle ya dube ni, na kawar da kai, ya ce wa Bappa an gama, yana iya tayawa.

Malam Ilu ya gyara hularsa, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "To Malam, daga Litinin ba sauran latti ko?"

Na ce, "Babu, Baba, in sha Allahu."